Minti Uku a Kan Hanyar Tollef

Ardis Rud, shugabar taronmu, tana da agogon kicin mai siffar kaza, irin wanda ake murɗawa idan an ɗora ƙwai a wuta. Shekara ashirin da biyu ke nan tana zuwa da shi taron shekara na gundumarmu, ranar Talata ta biyu a watan Maris, ta ajiye shi kusa da littafinta. Duk wanda ya miƙe zai yi magana, sai ta murɗa kazar zuwa minti uku. Da ta yi ƙara, ka zauna. Ta taɓa zaunar da fasto yana tsakiyar jimla. Ta zaunar da mijinta ma, ran nan kuwa a mota ɗaya suka koma gida ba mai ce wa wani uffan.

Ni ne mai kula da zauren taron. Ni nake buɗewa, in kunna hita mai ɗumama ɗaki, in jera kujeru, in dafa kofi. Bayan an rufe rumbun hatsin da na yi wa aiki shekara arba'in, na koma makarantar manya, na kuma zauna a laburare na koyi kwamfuta, sai aka ƙara mini da duk wani abin da ake jonawa a soket. Wani manomi maƙwabcinmu, Duane Skogen, ya laƙaba mini Farfesa. Ban taɓa hana shi ba.

A bana, abu na bakwai a takardar taro shi ne a soke hanya mai lamba T-14, a bar wa mai gonar da ke gefenta. Haka aka buga a jarida, haka aka manna a ƙofa. Sai dai ba wanda ya san ta da wannan lambar. Mu hanyar Tollef muke ce mata. Rabin mil ce ta tsakuwa da laka, daga babban titi zuwa wani ɗan tudu mai itatuwa shida da kaburbura goma sha tara. Cocin da ke wurin ya ƙone tun ba a haife ni ba. Kabari na ƙarshe da aka haƙa a tudun na yayana ne, Orvin, shekara huɗu da suka wuce, aka kuma bar fili a gefensa domin matarsa Marlys.

Duane ne ya kawo buƙatar. Gonarsa ce hagu da dama, sabon injin shukarsa kuma ya fi hanyar faɗi sau uku, kowane layi sai ya tsaya ya juya. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce duk mai son ziyara ya tako ta cikin gonarsa, ba zai hana kowa ba. To amma Marlys ba ta iya taka rabin mil a cikin waken suya. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannun ya dawo, ƙafar ta dawo rabi da taimakon sanda, bakin ne ya ƙi. Maganar tana nan daram a kanta, amma kafin kalma ɗaya ta fito sai ka ƙirga biyar. Daga narkewar ƙanƙara zuwa zubarta, kowace Lahadi bayan coci ni nake kai ta a mota har bakin shingen maƙabartar. Idan aka nome hanyar, ita da kabarin mijinta sai ranar da za a kai ta.

Ta san minti uku ba za su ishe ta jimla huɗu ba. Saboda haka tun kaka, da ta ji Duane ya fara zancen, ta shiga ɗaukar hotuna da wayarta. Duk tsawon hunturu kuma ta zauna a teburin kicin tana naɗar muryarta jimla-jimla. Wata jimlar sai ta maimaita sau talatin kafin ta fito ba ta karye ba. Ni na harhaɗa mata su da hotunan. Abin ya tashi minti biyu da daƙiƙa arba'in.

Na ce mata, “Marlys, bari in buga wa mutane waya, in gaya musu T-14 ɗin nan hanyar Tollef ce.”

Ta harare ni ta saman tabarau. “Ba… roƙo.”

Ban ja ba. Mutanenmu, mutum ya gwammace ya kwana a mota cikin rami da ya kira maƙwabci ya zo ya jawo shi. Ni ma irinsu ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ranar Asabar na ɗauko ta mu gwada haska bidiyon daga wayarta zuwa talabijin. Gininmu rufi ɗaya ne, rabi zauren taro, rabi garejin 'yan kwana-kwana na sa-kai, bangon katako ne kawai a tsakani. Zauren ba a ɗumama shi sai ranar taro. Muna shiga muka ga numfashinmu yana tashi kamar hayaƙi, yatsun Marlys suka ƙi lanƙwasuwa. Garejin kuwa kullum da ɗumi, don kada ruwan tankar ya daskare. Sai muka zagaya can. Su ma suna da talabijin a bango, irin namu sak, rana ɗaya aka sayo su. Na taɓa sunansa a wayar, ya nuna lambobi huɗu a allo, na shigar, sai ga hoto tangaram da murya ras.

“Kin gani? Kamar yankan wuƙa,” na ce.

“Kada… ka cika baki,” in ji ta. “Auta.”

Shekarata sittin da uku, amma tun ranar da ta auri yayana ba ta kira ni da wani suna ba.

Ranar Talata da ƙarfe ɗaya na rana, mutum ashirin da ɗaya suka sa hannu a littafin Ardis. Hita ta ba ni wahala da safe, sai sha biyu da rabi na samu na ɗauko Marlys, ban sake gwada komai ba. Na yarda da aikin Asabar.

Ta bayan bango kuwa ana ta hayaniya kamar kullum. Al'ada ce 'yan kwana-kwana su dafa romon wake da nama da za a ci bayan taro. Suna cewa hidima suke yi wa jama'a, amma kowa ya san gudun zaman taro suke yi. Rediyo, ƙarar murfin tukunya, ga dariyar shugabansu Gaylen Moe mai kama da tsohuwar mota da ta ƙi tashi da sanyin safiya. Kafin a kai abu na uku, Ardis ta bubbuga bango da tafin hannu sau biyu.

Aka gama zancen tsakuwa, aka gama zancen yankan ciyawar bakin titi, aka zo na bakwai.

Ardis ta ce, “Marlys Brekke ta nemi magana. Marlys, kin dai san doka. Da kin miƙe kaza ta fara tafiya.”

Marlys ta dafa sandarta ta miƙe. Ardis ta murɗa kaza.

Na taɓa sunan talabijin a wayar. Nan take ta rubuta cewa an haɗa. Na danna bidiyon, ya fara tafiya a ɗan allon wayar, ga hanyar Tollef a cikin tafin hannuna. Na ɗaga kai. Talabijin ɗin bango baƙi ƙirin, sai 'yan kalmomi farare a kusurwa da ke cewa yana jira.

“To fa,” in ji wani daga baya.

Na ɗauki rimot na duba ko a kan mashigar da ta dace yake. A kanta yake. Na duba wayfai, waya da talabijin duk a kan guda suke. Na cire haɗin na sake taɓa sunan. An haɗa. Allo baƙi.

“Farfesa, ko wannan darasin ranar ba ka je ba?” in ji Duane. Aka yi dariya kaɗan.

Tsoho Palmer Lien, wanda ya haura tamanin da biyar, ya ɗaga sandarsa. “Ɗan mare shi a gefe. Namu na da, mari ɗaya yake so.”

“Palmer, wannan in ka mare shi sai a kira lauya.”

“Batirin rimot ne.”

“Ina ruwan rimot? Gajimare ne. Ran da aka yi hadari namu ma haka yake yi.”

“A kashe a kunna!”

Wannan ta ƙarshen ita ce shawarar kirki, ita ce ma ta gaba a jerin da aka koya mana. Na zare wayar wutar talabijin daga soket, na ƙirga goma a zuci, na mayar. Ya ɗauki lokacinsa yana farkawa, kaza tana ta tik-tik a kan tebur. Marlys tana tsaye ta jingina da sanda, idonta a kan allo, ko sau ɗaya ba ta dube ni ba. Na sake haɗawa. An haɗa. Baƙi.

Wata mata ta ce, “A kunna a wayar mana, a ɗaga sama.”

Ban yi ba. Rabin zauren da na'urar ji a kunne suke, muryar Marlys kuwa ko a kicin sai ka matso. Da na yi haka, da layin gaba kaɗai za su ji ƙus-ƙus, a ce an ba ta damarta.

“Saura rabin minti,” in ji Ardis a hankali, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Marlys ta juyo ta fuskanci jama'a. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi.

“Hanyar…” Ta haɗiye yawu. “Tollef… ba…”

Kaza ta yi ƙara.

Ardis ta cire tabarau ta goge ta mayar. “Yi haƙuri, Marlys. Idan na ɗaga miki, na ɗaga wa kowa.”

Marlys ta gyaɗa kai ta zauna. Da Ardis ta ƙara mata lokaci don tausayi, da ta fi jin zafi. Ta ɗora hannayenta biyu a kan sandar.

Duane ya miƙe, aka murɗa masa kaza. Ya yi maganarsa tsaf ba cin fuska. Ya ce a shekara motoci nawa ne suke bin hanyar, ya ce kowace bazara sai an zuba mata tsakuwa laka ta haɗiye, ya ce shi ma yana da dangi a ƙarƙashin ƙasa, ya san darajarsu. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Yawancin waɗanda suka zo manoma ne irinsa, kowa da tasa 'yar hanyar da ta tsaya masa a wuya.

Ni dai na koma kujerata, wayar tana kan cinyata, bidiyon yana ta tafiya ba murya. Na daina taɓa komai. Hankalina bai tashi ba, haushin kaina kawai nake ji, don na san abin ba babba ba ne. Malamar da ta koya mana a laburare tana yawan cewa waya ba ta iya ƙarya ba, idan ta ce ta haɗu, to ta haɗu. Ga shi kuma wayar ta yi gum, alhali da ba ta haɗu da komai ba, da muryar ta fito ta bakinta. Ke nan ta tura muryar wani wuri.

Sai na tuna lambobin nan huɗu. Ranar Asabar talabijin ya nemi a shigar da su, domin bai san wayar ba. Yau kuwa ba a nemi komai ba, ina taɓawa ta shige kamar 'yar gida. Wannan na zauren kuma bai taɓa ganin wayar Marlys ba.

Shekara arba'in a rumbun hatsi, da kunne nake gane injin da zai lalace tun ana saura kwana biyu. Na rufe ido na bar maganar Duane ta wuce ta gefe. Ga hurin hita. Ga tik-tik na kaza. Ga tarin Palmer. Abin da babu shi ne ya tsaya mini. Ba rediyo, ba murfin tukunya, ba dariyar Gaylen. Tun da Marlys ta miƙe, Ardis ba ta sake buga bango ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mutum bakwai da tukunyar romo ba sa yin shiru haka kawai.

Kujerata tana jikin bango. Na kwantar da kaina a kan katakon kamar mai gyangyaɗi. Can ƙasa-ƙasa, ta cikin katako, na ji murya mai tafiya a hankali tana jero sunaye. Na ji ta ce, “Orvin… Brekke.”

Na buɗe ido. Talabijin biyu, rana ɗaya aka sayo su, ba wanda ya sauya musu sunan da suka zo da shi daga kamfani. Wayar ta sa wanda ta sani a saman jeri, ni kuma sau uku ina taɓa shi da hannuna.

Kaza ta yi wa Duane ƙara, ya zauna.

“Akwai sauran mai magana kafin mu ɗaga hannu?” in ji Ardis, idonta a kan littafi.

Na ɗaga hannu.

Ta ɗago ta dube ni, ta sake dubawa. “Lowell? Kofi ne ya ƙare?”

“Magana zan yi.”

Kujeru suka yi ƙara, kowa ya waiwayo. Palmer ya ce da ƙarfi, don ba ya jin kansa, “Wa? Lowell? Ashe yana da murya?”

Duane ya ce, “Shugaba, in dai bidiyon nan ne, an ba shi lokacinsa ya wuce.”

“An ba Marlys lokacinta,” in ji Ardis. “Wannan na Lowell ne. Shekara ashirin da biyu ina zaune a nan bai taɓa cin ko daƙiƙa ɗaya ba. In ya ga dama ya rera mana waƙa da su.” Ta ɗora hannu a kan kaza. “Da ka miƙe.”

Minti uku, bidiyo kuma minti biyu da arba'in. Daƙiƙa ashirin nake da su, sun kuma ishe ni. Ina zaune na cire haɗin, na ja jerin sunayen sama da ɗan yatsa. Ga shi nan a ƙasa, suna iri ɗaya harafi da harafi. Na dubi Marlys.

“Yaya, gyara zama.”

Na miƙe, Ardis ta murɗa. Na taɓa suna na biyu. Allon bango ya yi fari, lambobi huɗu manya suka fito. Zauren ya ɗauki “Ahaf!” Na shigar da su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, na danna.

Hanyar Tollef ta cika bango, ranar wata Lahadi ta watan Satumba, waken Duane ya yi ruwan zinariya hagu da dama. Muryar Marlys ta fito daga talabijin, a hankali amma ba gargada. “Sunana Marlys Brekke. Wannan ita ce T-14. Ku kun san ta da hanyar Tollef.”

Sai ƙofar gefe ta buɗe da ƙarfi. Gaylen Moe ne, ƙyallen girki ɗaure a tumbinsa, ludayi a hannu.

“Wai wane ne yake ta yanke mana…”

“Shhh!” in ji zauren gaba ɗaya.

Ya ga bango, ya rufe baki. Sauran shida suka shigo a bayansa suka jeru a jikin ƙofa. Ɗaya bayan ɗaya suka cire huluna.

A bidiyon, Marlys ta bi duwatsun kaburburan tana karanta sunayen, kowane dutse da hotonsa. Wasu rubutun ya goge sai da ta shafa alli. Akwai jarirai uku na shekara guda. Akwai wanda ba a san sunansa ba, ta ce, “Wani baƙo, mai aikin girbi.” A kowane hoto kana ganin inuwar sandarta a ƙasa. Ba ta yi gardama da kowa ba, ba ta ambaci Duane ba.

Daga nan sai hoton ranar jana'izar Orvin, cikin watan Afrilu, bayan ruwan kwana uku. Motar gawa ta kafe a bakin titi. Orvin ya yi shekara talatin yana aikin kwana-kwana, sai abokan aikinsa shida suka saɓa akwatin a kafaɗa suka taka rabin mil ɗin nan, laka har gwiwa, cikin kwat ɗinsu na coci. Ga Gaylen a gaba, bakinsa a buɗe yana haki, takalminsa ɗaya ya ɓace.

“Har yau ban ga takalmin nan ba,” in ji Gaylen daga baya. Ba wanda ya ce masa shhh.

Hoto na ƙarshe filin da ke gefen kabarin ne, ciyawa kawai. Muryar ta ce, “Nan ne nawa. Ni ban kai Orvin nauyi ba. Amma su ma masu ɗaukar sun tsufa. Ku bar musu hanya.”

Allo ya tsaya. Na zauna. Kaza ta ƙara tik uku ko huɗu, sannan ta yi ƙara.

Gaylen ya nuna takardar da ke manne a ƙofa da ludayinsa. “Tsaya tukuna. T-14 ɗin nan da na wuce sau goma, hanyar Tollef ce? Duane, kai ma da wayo kake. Don me ba ka rubuta sunanta ba?”

“Haka take a taswira. Ni na raɗa mata lamba?”

“Mu muna can muna yanka albasa, sai ga Marlys a talabijin ɗinmu. Ta fara a yanke, ta fara a yanke, sai a na uku muka gani har ƙarshe, sannan aka sake yankewa. Muka ce ko sabuwar tasha aka buɗe.”

“Gaylen Moe,” in ji Ardis, “idan magana za ka yi, in murɗa kaza.”

“A'a, ranki ya daɗe, ni da kazar nan ba ma shiri. Hannu zan ɗaga.”

Duane ya miƙe rabi. “Ba su sa hannu a littafi ba. Ba su ji bayanina ba.”

“Littafi a buɗe yake har sai na kira ƙuri'a, ban kuwa kira ba,” in ji Ardis. Ta juya littafin ta tura bakin tebur da biro a kai. “Bayaninka kuma, wa ya hana su zama? Kowace shekara ina aika musu su shigo.”

“Mun san bayaninsa,” in ji ɗaya daga cikinsu. “Tun kaka yake yi mana shi a gidan mai. Bai dai taɓa cewa wace hanya ba ce.”

Suka yi layi suna sa hannu, hannuwansu duk warin albasa. Wajen na biyar ne wani ƙauri ya fara shigowa ta ƙofar gefe.

“Gaylen, wa ka bari a kan tukunya?” in ji wani daga baya.

Suka dubi juna. Ba wanda ya fita.

Ardis ta kira ƙuri'a. Masu son a soke hanya, hannu goma sha ɗaya. Ta ƙirga sau biyu da bakin biro. Masu son a bar ta. Na ɗaga nawa. Bakwai na bakin ƙofa suka ɗaga, Gaylen da ludayinsa. Palmer ya ɗaga sanda. Marlys ta saki sandarta ta jingina da gwiwa, ta ɗaga hannun dama, wanda ya taɓa shanyewa, ta riƙe shi a sama yana rawa har Ardis ta gama.

“Goma sha shida. Hanya tana nan. Abu na takwas.”

Romon ya kama a gindi, ƙaurin ya ratsa shi har sama. Kowa ya ci kwano guda ya ce ba laifi. Duane ya same ni ina naɗe wayoyi, kwanonsa a hannu.

“Farfesa, da gangan ka tura musu.”

“Da na iya shirya irin wannan, Duane, da ba kujeru nake jerawa ba. Kuskure na yi ranar Asabar.”

Ya tauna wake yana kallona. “Kuskure mai tsada.” “Ka gaya wa matar yayanka bidiyon ya yi kyau. Ban ce na yarda ba. Na ce ya yi kyau.”

“Ga ta can, gaya mata.”

“Kai dai gaya mata.”

Kafin in kulle ginin na ɗauki rimot biyu na sauya sunayen. Na wannan ɓangaren na sa masa Zaure, na wancan na sa masa Gareji. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Na ɗauki Marlys a mota muka kama hanya har muka wuce gidan mai. Na ga bakinta yana shiri, na rage gudu na jira.

“Kamar… yankan… wuƙa,” in ji ta.

“Na ji. Na cika baki.”

“Auta.”

Lahadi ta farko a watan Mayu ƙasa ta bushe, na ɗauke ta bayan coci muka karya kan hanyar Tollef. Duane yana shuka a gonar hagu, don shi idan ƙasa ta yi kyau bai san Lahadi ba. Ya iso bakin hanya daidai lokacin da muka iso. Ya tsayar da tarakta, ya ɗaga injin nan mai faɗi sama, ya fara juyawarsa mai cin lokaci. Da muka zo daf da shi, bai saki sitiyari ba, ya ɗaga yatsa ɗaya, irin gaisuwar manomanmu. Marlys ta ɗaga nata ta bayan gilashi. Na kai ta har bakin shinge, na zagayo na buɗe mata ƙofa, na miƙa mata sandarta.